Uwargida, Kada Ki Goge Wuyan Nan Da Dutse

'Yar'uwa, in kin ga bayan wuyanki ko hamatarki sun yi baƙi, fatar ta yi kauri, kin sa soso da sabulu ya ƙi fita, to, ki dakata. Sau da yawa ba dauɗa ba ce. In kuwa al'adarki tana yin wata biyu ko uku ba ta zo ba, ga ƙuraje a fuska, ga gashi a haɓa, ga ƙiba ta taru a ciki, sai ki je asibiti.

Likitoci biyu na Cikago a Amurka, Stein da Leventhal, su suka bayyana wannan ciwo a 1935. Aka yi ta kiransa PCOS. Ƙwan mace ne ke fara girma ya tsaya bai nuna ba. A 1980 aka gane yawancin masu ciwon suna da insulin da yawa a jini, watau sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka. In jiki ya daina jin maganarsa, sai ya riƙa ƙaro shi. Yawan nan kuwa shi ke zuga ma'ajiyar ƙwai ta yi sinadarin maza fiye da kima, shi ne kuma ke baƙanta wuya.

Magani ya danganta da abin da kike nema. In ba ki neman ciki yanzu, likita zai iya ba ki ƙwayar nan ta tsarin iyali mai sinadari biyu. Na san sunanta kaɗai yakan tayar da hankalin maigida da uwar miji, balle a ce an ba budurwa. Amma a nan aikinta daidaita al'ada ne da rage sinadarin maza, kuma ba ta hana haihuwa bayan an bar sha. Ga dalili babba: in mace ta wuce kwana 90 ba jini, bangon mahaifa yakan yi ta kauri, bayan shekaru yana iya zama ciwon daji. Sai dai gashin haɓa ba ya raguwa da wuri, a ba shi wata shida.

Amma fa ƙwayar ba ta gyara insulin, kuma ba kowace mace ta dace da ita ba. Mai hawan jini, da wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, da mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, lalle su gaya wa likita. Kada ki saya a kemis don maƙwabciya ta sha ta ji daɗi. Domin insulin ɗin akan haɗa da metformin, maganin masu ciwon sukari. Yakan murɗa ciki da fari, shi ya sa ake farawa da kaɗan, tare da abinci. Ki roƙa a auna miki sukari. Rage lemon kwalba da farar shinkafa, da tafiya a ƙasa kullum, suna taimako ƙwarai: mai kilo 80 in ta zubar da 4 zuwa 8, al'ada tana iya dawowa.

Mai neman haihuwa kuwa hanyarta dabam, letrozole ake fara ba ta domin ƙwai ya nuna, kuma da yawa sun samu. A tafi tare da maigida, shi ma a auna shi.

Ke kuma 'yar makaranta, rikicewar al'ada a shekarar farko ba ciwo ba ce. In ta ɗauke wata uku bayan haka, gaya wa Inna ta kai ki.