Motar Ado A Amurka, Motar Neman Abinci A Kurmi

Duk wanda ya zauna a unguwannin Hausawa na Fatakwal, ko Anaca, ko Inugu cikin shekarun 1980, ba ya bukatar a kwatanta masa Peugeot 504 mai dogon baya, watau Fijon nan da direbobi ke kira wagon. Ita ce ke kai ɗan kasuwa Kano ya saro kaya, ita ke mai da ɗan ci-rani gida in salla ta ƙarato, ita ce kuma ke ɗaukar wasiƙa da ɗan saƙon kuɗi zuwa wurin iyali. Amma fa ba yadda ta fito daga kamfani take wannan aiki ba. Sai ta bi ta hannun makaniki da mai walda tukuna.

Shi wannan sha'ani na sake wa mota siffa ba a nan ƙasar kaɗai ake yinsa ba. A Amurka, cikin 1964, aka fito da Ford Mustang da Pontiac GTO, motoci masu ƙofa biyu waɗanda akan sa wa ƙaton inji mai fulogi takwas. Gudu suke da shi kamar iska, amma ita Mustang ba ta da isasshen wurin kaya, kujerarta ta baya kuwa sai dai yara. Saboda haka cikin 1965 wani ɗan kamfani mai suna Intermeccanica da ke Turin, a ƙasar Italiya, ya yanke bayan wata Mustang, ya tsawaita rufinta, ta koma wagon. A ƙarshen shekarun 1970 kuma kamfanin Pininfarina ya yi wa Pontiac Firebird guda biyu irin wannan aiki. Ba a kai ga ƙera ko ɗayansu don sayarwa ba. Har yau akwai masu sha'awa a can da ke wannan gyara a garejinsu, amma don ado ne da nuni wurin bikin motoci.

To, a nan ba haka zancen yake ba. Direban da ke lodi daga Fatakwal zuwa Kano ba ruwansa da ado. Abin da ya dame shi shi ne mutum nawa za ta ɗauka, da buhu nawa.

An fara ƙera 504 a Faransa cikin 1968, wagon ɗinta kuma ta fito cikin 1971. Injinta mai fulogi huɗu ne, bai cika lita 2 ba. Tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.90 ne, alhali na ƙaramar 2.74 ne, an kuma sa mata sifirin biyu-biyu a kowane gefe na baya don ɗaukar nauyi. Da masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta soma aiki cikin 1975, sai Fijo ta cika Nijeriya. Turawa sun daina yinta a ƙasarsu cikin 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har 2006.

Wannan lokaci ya zo daidai da komawar 'yan Arewa Kurmi. Dama tun kafin yaƙin basasa suna nan, har ma Malam Umaru Altine, Bafillace ɗan ƙasar Sakkwato, ya riƙe muƙamin magajin garin Inugu na farko cikin shekarun 1950. Da yaƙi ya ƙare cikin 1970, sai masu shanu, da 'yan gwari, da masu canji, da mahauta suka riƙa dawowa. Babbar mota ke kawo shanu da albasa, amma masu dukiyar a Fijo suke tafe.

Gyaran da akan yi mata iri-iri ne. Wadda ta zo da layi biyu na kujeru, sai a ƙara mata na uku a wurin kaya. A ɗora mata kariya ta ƙarfe a kan rufi. A canja sifirin na baya da waɗanda suka fi tauri don kada gindinta ya taɓa ƙasa. In inji ya gaji, a sauke shi a ɗora na Beljiyom. Duk waɗannan kaya kuwa a hannun 'yan kasuwa Ibo suke: Nkpor da Mgbuka Obosi a gefen Anaca, Coal Camp a Inugu, Ikoku a unguwar Diobu ta Fatakwal. Direba Bahaushe, mai kayan gyara Ibo, ciniki da turancin buroka, wani lokaci har da bashi sai an dawo daga Arewa. Zumuncin da ƙarfen mota ya ƙulla ke nan.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Motar da aka yi don mutum bakwai ko takwas, sau da yawa akan sa biyu a gaba ban da direba, huɗu a tsakiya, uku a baya, ga kuma kaya tuli a sama. Mai walda yana iya ƙara kujera, amma bai ƙara wa burki ƙarfi ba. Nauyin da ke kan rufi shi ke rinjayar mota a kwana, taya kuma in lodi ya yi mata yawa sai ta yi zafi ta fashe. Wanda ya san tsohuwar hanyar tudun Milliken, tsakanin Inugu da Ninth Mile, ya san ba wurin gwada burki ba ne. Daga nan kuma akwai sauran tafiya ta Makurɗi, da Lafiya, da Akwanga. Yawan asarar rayuka a kan hanyoyi shi ya sa Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra cikin 1988.

Yau Fijo ta yi ƙaranci a tashoshin Kurmi. Golf, da Sharan, da Sienna, da bas-bas na Toyota sun gaje ta. Amma halin bai sake ba. Ana shigo da motar kaya marar taga, a yanka mata tagogi, a walda mata benci, ta zama ta fasinja, ba bel ba komai.

Ba wanda zai ga laifin mai neman abinci, musamman da tsadar mai da ta kayan gyara. Amma Ba'amurken da ya yanke Mustang, in waldarsa ta saki, kuɗinsa kaɗai ya yi asara. Tamu kuwa magidanta ke ciki, kowa da bakunan da ke jiransa a gida. Ya kamata shugabannin tasha da sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa su sa ido a kan lodi tun mota ba ta tashi ba, fasinjoji kuma su daina zuga direba ya taka wuta. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, amin.