Djibo Bakary a zauren jami'a: a kira tsofaffin Magariya su ba da shaida

Tun da sojojin Faransa suka kwashe kayansu daga Nijar a ƙarshen 2023, sunan Djibo Bakary ya dawo bakin ɗalibai da ƙarfi. Shi ne jagoran jam'iyyar Sawaba mai alamar raƙumi, wanda ya ce a jefa "a'a" a zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958, a karɓi 'yanci nan take. Ya samu kusan kashi 22 cikin ɗari, mulki ya koma hannun Diori Hamani na jam'iyyar RDA mai alamar giwa, aka haramta Sawaba a 1959. Yau ana kiransa gwarzon da ya riga kowa hangen nesa. Ina ganin ya cancanci yabon, amma taron jami'a da zai tsaya ga kirari kaɗai bai yi masa adalci ba.

Dalili shi ne Sawaba ba ta fara da maganar Faransa ba, ta fara da kukan talaka: manomin gyaɗa da ake danne wa farashi, lebura, direba, ɗan tireda, mai biyan haraji yana shan wulaƙancin dogarai. Sunan ma ɗaya ne da kirarin NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda ta fito da sanarwar Sawaba a 1950. Ƙasar Magariya da Dungas, mai iyaka da Daura, Ɓaɓura da Maigatari, ƙasar gyaɗa ce, kuma kasuwa da zumunci ba su taɓa sanin wannan iyaka ba. Wanda ya rage Djibo zuwa ƙuri'ar rana ɗaya ya zubar da tambayar da ta fi damun mutanen nan har gobe, wato wa ke cin gumin manomi.

Masu suka suna da hujja, kuma bai kamata a yi musu ihu a zaure ba. A 1957 Djibo ya hau mulki ne da haɗin gwiwar sarakunan da magoya bayansa ke kuka da su, kuma da yawansu suka juya masa baya a 1958. A 1964 'yan Sawaba sun shigo da makamai, a Afrilu 1965 aka jefa gurneti inda Diori ke sallar layya a Yamai. An zubar da jini. Sai dai a tuna, kafin a ɗauki bindiga an riga an toshe musu akwatin zaɓe, an kama wasu, an kori wasu gudun hijira, sannan bayan shigowar 1964 gwamnati ta kashe wasu daga cikin waɗanda ta kama a bainar jama'a. Wannan ba ya wanke gurneti, amma yana bayyana hanyar da ta kai gare shi.

Wasu za su ce tono wannan tarihi zai tayar da tsohuwar gaba tsakanin gidajen Raƙumi da na Giwa. Ai shirun shekara sittin bai warkar da ita ba. Djibo ya rasu a 1998, kuma wanda yake saurayi a 1958 yanzu ya haura tamanin. Ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram da suka fito daga Magariya da Dungas su ne suka fi kowa damar zama gaban waɗannan kakanni da wayar hannu, su naɗi muryar ɗan Sawaba da ta ɗan RDA, da ta matan da aka bari da yara, sannan su kawo su zaure a saurara kafin a buɗe muhawara.