Ma'aikaci Tsakanin Aiki da Gida a Ƙasar Adar

Garin Bambeye yana kudu maso yamma da birnin Tawa, tafiyar kimanin kilomita 30. Shi ne mazaunin sarkin kanto, kuma cibiyar ƙaramar hukuma wadda ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta samu mutum sama da dubu 100 a cikinta. Galibinsu manoman hatsi da wake ne da makiyaya, suna warwatse cikin ƙauyuka da tungaye masu yawa. A tsakanin wannan jama'a akwai ƴan tsirarun ma'aikata: malaman makaranta, majo da ungozoma a gidan likita, malamin gona, malamin dabbobi, ma'aikacin gandun daji, da malaman yaƙi da jahilci. Idan ɗaya daga cikinsu ya kwanta ciwo, sau da yawa babu mai maye gurbinsa. Sai aji ya zauna a rufe, ko mai naƙuda ta rasa mai karɓar haihuwa. Saboda haka gajiyar ma'aikacin karkara al'amari ne da ya shafi gari duka.

Kaya biyu a kai ɗaya

Malamin makarantar ƙauye, wanda yara ke kira mushe, yakan wuni gaban aji mai cike da ɗalibai, wani lokaci cikin rumfar zana, wani lokaci kuma da aji biyu a ɗaki guda. Da dare ya shirya darasin gobe da hasken tocila. Mutanen gari su kawo masa takardar da za a karanta ko wadda za a cika, kuma idan ƙidaya ta zo, ko rigakafi, ko zaɓe, shi ake fara nema. Da yake gidan haya yana da wuya a ƙauye, da yawa sukan bar iyalinsu a Tawa ko a garinsu na asali, sai ƙarshen wata ko lokacin hutu suke ganin ƴaƴansu.

Shi kuwa majo ba shi da lokacin tashi. Ana buga masa ƙofa tsakar dare, kuma daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin sauro ke haɗuwa da ƙarancin abinci, layin mata masu goyo ba ya yankewa. Tun shekarar 2006 da gwamnati ta ɗauke wa iyaye kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, masu zuwa likita sun ƙaru ƙwarai. Wannan alheri ne ga jama'a, amma hannun da ke aikin bai ƙaru daidai da yawan masu zuwa ba. Mace ma'aikaciya kuma idan ta tashi daga aiki, girki da wanki da rainon yara suna jiranta.

Kaya na biyu shi ne na dangi. A Adar albashin mutum ɗaya na gida ne gaba ɗaya. Daga cikinsa ake sayen buhun hatsi idan rumbu ya ƙare, da ragon suna, da ragon Babbar Salla, da kayan komawa makaranta a watan Oktoba, da maganin tsohuwa. Ma'aikacin da ya ce babu, sai a ce boko ya raba shi da zumunci. Wanda ya ce to ga kowa, kafin ranar 10 ga wata ya shiga littafin bashin mai kanti.

Shekarun da albashi ya daina zama tabbas

A shekarun 1970, lokacin da yuraniyom na Arlit ke da daraja, wanda ya fito daga makaranta da takarda yana da tabbacin aikin gwamnati da albashi kan kari. A wannan zamani ne aka shimfiɗa hanyar da ta tashi daga Tawa zuwa Agadas da Arlit. Da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, ga kuma farin 1984, sai baitulmali ya yi rauni, aka taƙaita ɗaukar ma'aikata.

Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, ma'aikata sun shiga shekaru masu wuya. Albashi ya riƙa makara watanni, bashinsa na taruwa a kan gwamnati, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta USTN kuma ta yi ta kiran yajin aiki. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa: faran ɗaya na Faransa da ake saye tamma 50 ya koma tamma 100, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada, magani na cikinsu. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara ɗaukar malamai ƴan kwantaragi, waɗanda ke aiki ɗaya da na cikakken ma'aikaci amma da kuɗi kaɗan, kuma ba tare da tabbacin gobe ba. A shekarun 2010 su ne suka fi yawa a makarantun firamare na ƙasa, kuma jarrabawar tantancewa ta 2017 ta raba dubbai daga cikinsu da aikinsu.

Shekarun baya-bayan nan sun zo da nasu. A watan Maris na 2020 cutar korona ta sa aka rufe makarantu. A ranar 21 ga Maris na 2021 ƴan bindiga sun kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya, a arewacin jihar Tawa, kuma tun daga nan duk ma'aikacin da aka tura wajen iyakar Mali yakan bar iyalinsa cikin zullumi. Daga ƙarshen Yuli na 2023 zuwa Fabrairu na 2024 takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya rufe iyakar Najeriya, wuta ta yi ƙaranci a birane, abinci ya hau. Wanda ke da albashi tsayayye ya ga kuɗinsa na nan yadda suke, amma abin da suke saye ya ragu.

Masu tafiya biɗa da masu tsaron gida

Adar ƙasar tafiya biɗa ce tun kaka da kakanni. Da an ɗaure damman hatsi, samari da magidanta su kama hanyar Abijan, Ikko, Kano, Kamaru ko Libiya, wasu su dawo da faɗuwar ruwa, wasu su shekara biyu ko uku. Ɗan biɗa ma ma'aikaci ne, kuma nasa rabuwa da gida ya fi tsawo. Rikicin Kodibuwa na 2002, da yaƙin Libiya na 2011, da rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, kowannensu ya katse aike ko ya maido mutane gida hannu rabbana. Duk lokacin da aike ya yanke, idon gida yakan koma kan mai albashi.

Su kuma matan da aka bari, su ke riƙe gida da dabbobi da yara. Da aka buɗe aikin raya karkara na Keita a 1984 da taimakon ƙasar Italiya, mata ne suka fi yawa a cikin masu ɗaukar duwatsu da dasa itatuwa, domin maza suna biɗa. Duk maganar da za a yi kan nauyin aiki a Adar, idan ba ta ƙidaya waɗannan mata ba, ta bar rabin lissafi.

Abin da likitoci suka gano

Hausawa sun ce jiki magayi. Idan mutum ya shiga tsoro ko damuwa, jikinsa yakan saki waɗansu sinadarai masu sa zuciya ta buga da sauri, jini ya hau, barci ya gudu, domin ya fuskanci haɗari. Wannan yana da amfani idan na ɗan lokaci ne. Amma idan damuwar ta zauna watanni, kamar ta mai jiran albashi ko mai tsoron kora, jikin ba ya samun sauka. Daga nan sai ciwon kai, da ciwon ciki, da saurin fushi, da mantuwa, da hawan jini.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan gajiya mai cinye ma'aikaci a matsayin matsalar da ke tasowa daga wurin aiki, ta kuma ba da alamunta uku: ƙarfi ya ƙare ko da an huta, zuciya ta fita daga aikin har mutum ya riƙa jin haushinsa, sannan aikin da ya saba yi da kyau ya fara lalacewa a hannunsa. A 2021 hukumar tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum dubu 745 sun mutu da ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki saboda tsawon lokacin aiki. Mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki gare shi ya fi na mai aikin awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100.

Da yawa sukan rufe wannan gajiya da shayi mai ƙarfi, da goro, da taba. Wasu, musamman masu aikin ƙarfi da ƴan kabu-kabu, sun faɗa shan ƙwayar taramol. Waɗannan abubuwa suna ɓoye gajiya na ƴan awoyi, sannan su hana barcin da shi ne maganinta. Taramol kuwa yana kama mai shansa, yana iya jawo farfaɗiya.

Abin da doka ta tanada

Tun 1919 yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙayyade aikin masana'antu ga awa 8 a yini, awa 48 a mako. A Nijar, dokar ƙwadago ta ranar 25 ga Satumba 2012 ta sa awa 40 a mako, da hutun yini guda cikakke kowane mako, da hutun shekara na kwana biyu da rabi ga kowane watan aiki, da mako 14 ga mace mai haihuwa. Ma'aikatan gwamnati suna da dokarsu daban, ita ma ta ba su hutun shekara. Sai dai a karkara mutum yakan kasa ɗaukar hutunsa don babu wanda zai bar wa makulli, wani kuma yana jin kunyar nema, kada a ce rago ne. Hutu haƙƙi ne da doka ta rubuta, kuma hukuma ce ke cin ribarsa idan ma'aikaci ya dawo da ƙarfinsa.

Dabarun da suka riƙe mutane

Ma'aikatan da suka ratsa shekarun 1990 sun bar darussa. Na farko shi ne kada a jingina ga albashi kaɗai. Wanda ya ari gona a garin da yake aiki ya shuka hatsi da wake, ko ya ɗaure tumaki biyu don salla, ko ya riƙe ɗan lambu irin na noman rani da aka ƙarfafa bayan farin 1984, ba ya firgita ƙwarai idan wata ya mutu babu labari. Sharaɗinsa shi ne aikin gona ya tsaya ga ranakun hutu, kada ya ci lokacin aji ko na likita, kuma kada a mai da ɗalibai ƴan ƙwadago.

Na biyu shi ne sayen hatsi da kaka, lokacin da tiya ke da araha, a ajiye na damina. Adashi tsakanin abokan aiki yana taimakawa ga wannan, haka kuma asusun taimakon juna na ciwo da rasuwa, muddin an rubuta komi kuma an zaɓi amintaccen ma'aji.

Na uku shi ne gaya wa iyali gaskiya. Magidancin da ya zauna da matarsa ya faɗa mata abin da ke shigowa da abin da ke fita, ya kuma yanka wa iyaye da ƙanne rabo sananne kowane wata, ya rage wa kansa roƙon ba-zata da zargin rowa. Wanda ke ɓoye albashinsa, gida yakan ɗauka ya ninka yadda yake.

Na huɗu shi ne yi wa aiki iyaka. Majo da mai taimaka masa su raba kwanan tsaro, a sanar da gari ta bakin maigari da liman cewa bayan la'asar sai larura ta gaggawa. Wayar salula ta sauƙaƙa jin muryar ƴaƴa daga nesa, amma ita ce kuma ke bin mutum da aiki har kan tabarmarsa. Ana iya ajiye ta lokacin cin tuwo da lokacin barci.

Na biyar shi ne kada a haɗiye damuwa. Hira da aboki a fada, ko da wani dattijo, ko da malami, tana rage nauyin zuciya. Idan rashin barci ya wuce makonni, ko mutum ya ji rayuwa ta fita ransa, to lokacin ganin likita ya yi, kuma babu abin kunya a ciki. Awon jini ba ya ɗaukar minti biyar. Ya kamata duk wanda ya haura shekara 40 ya riƙa yinsa a kai a kai.

Abin da ya rage ga shugabanni

Haƙurin ma'aikaci ba zai gyara abin da ke hannun hukuma ba. Biyan albashi da kuɗin ƴan kwantaragi kan kari shi ne babban magani, domin wanda ya san ranar da kuɗinsa za su zo yana iya tsara bashinsa da cefanensa. Shugabannin ma'aikatu a Tawa suna iya tsara jerin hutu tun farkon shekara tare da sunan mai riƙon wuri, su duba haɗa mata da miji a yanki ɗaya lokacin canjin wurin aiki, su kuma iyakance shekarun da mutum zai yi a wuri mai nisa ko mai haɗari kafin a sauya shi. Mai rangadin duba aiki, bayan ya duba rajista, ya tambayi ma'aikaci inda yake kwana da ranar da ya ga iyalinsa.

Jama'ar gari ma suna da nasu rabo. Ƙauyen da ya yi gayya ya gina wa malami ɗaki, ya ba shi gona, ya taimaka masa da ruwa, yakan riƙe shi shekaru, iyalinsa ma su zo su zauna. Ƙauyen da ya bar shi yana kwana cikin aji, da wuya damina biyu ta same shi can. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: kafin makarantu su koma a watan Oktoba, kwamitin iyayen yara da maigari na kowane ƙauye a ƙasar Bambeye suna iya zama su duba ko ɗakin malaminsu yana da rufi da ƙofa.