3.4 Yadda Barmani Choge Ta Aiwatar da Waƙar Kishiya

Habaicin kishiya ya girmi Hajiya Sa'adatu Barmani Choge nesa ba kusa ba. Tun kafin a haife ta matan Hausawa suke rera shi a bakin turmi da dutsen niƙa, inda mace kan fake da aikin da take yi ta amayar da abin da ke cinta, ba tare da ta kama sunan kowa ba. Saboda haka idan ana maganar gwanintar wannan mawaƙiya ta Funtuwa, wadda ta rasu a shekarar 2013, wajen aiwatarwa ya kamata a duba, domin jigon na gado ne.

Abu na farko shi ne kiɗan. Amada kiɗan ƙwarya ne, wato a kifa ƙore, wasu a kan ruwa a cikin babban mazubi, mata su riƙa bugunsu da 'yan sanduna. Ƙwaryar da ke kan ruwa amonta mai zurfi ne, kuma shi ke riƙe da rawa. Duk kayan nan na aikin gida ne, don haka waƙar ba ta bar muhallinta na asali ba, sai dai ta tashi daga bakin mace guda ta koma tsakar gidan biki ko suna.

Wannan sauyin wuri shi ya sauya ma'anar waƙar. Mai daka ita kaɗai take waƙarta, kuma wadda ake yi dominta tana ji daga ɗaki. A wajen Barmani kuwa akwai jagora da 'yan amshi. Takan jefa ɗan waƙa gajere, 'yan amshi su karɓe da gindin waƙa, ta sake jefa wani kafin dariyar na farko ta lafa. Idan ta ga ɗan ya shiga jikin mata sai ta maimaita shi, ta ja muryarta, ta ƙara masa gatse. A irin wannan taro uwargida da amarya kan iya kasancewa a fili ɗaya, kowace tana ɗauka da ɗayar ake. Ke nan zafin kishi ya koma raha, an faɗi magana mai ɗaci ba a yi faɗa ba.

Akwai masu ganin cewa bakinta ya cika kaifi, har takan faɗi abin da kunya ta Bahaushiya ba ta yarda da shi ba. Wannan suka tana da tushe idan aka saurari waƙar a kaset ko a rediyo, inda maza da yara ke ji. Sai dai asalin dandalin amada na mata ne zalla, kuma da ma'aunin wannan dandali ya dace a auna kalmominta.