Kumfar fitsari: Saƙon da ƙodarka ke aiko maka

Duk lokacin haƙar citta ina ganin abu ɗaya a shagon maganin da nake aiki a Kafanchan. Manomi zai shigo daga Kwoi ko Zonkwa, ya ce a ba shi maganin ciwon jiki mai ƙarfi. In na duba ƙafarsa, takalmi ya matse ta. In na tambayi fitsarinsa, sai ya ce ai ya daɗe yana kumfa kamar an zuba omo. Mai karatu, idan kai ma kana ganin haka, wannan rubutun naka ne.

Kowace ƙoda tana da 'yan matatai kusan miliyan ɗaya. A kullum suna tace ruwan jini kimanin lita 180, jiki ya mayar da kusan duka, lita ɗaya zuwa biyu ta fita a matsayin fitsari. A jikin kowace matata akwai wasu ƙwayoyin halitta da likitoci ke kira podosayit, wato masu ƙafafu. Suna naɗe ƙananan jijiyoyin jini, ƙafafunsu na shiga tsakanin juna kamar yadda kake sarƙe yatsun hannayenka biyu. 'Yar kafar da ke tsakani ita ce rariyar: ruwa da datti su wuce, furotin ɗin jini ya tsaya.

Matsalar ita ce waɗannan ƙwayoyi ba sa hayayyafa kamar na fata. Wadda ta mutu, da wuya a sami madadinta. Idan suka jikkata, rariyar ta yage, furotin ya zube cikin fitsari. Shi ne kumfar da kake gani. Idan furotin ya ragu a jini, ruwa ya taru a fuska da safe, a ƙafa da yamma. In ɓarnar ta ci gaba, matatar ta zama tabo, ba ta ƙara aiki. Duk wannan na iya faruwa ba tare da ka ji ciwo ba.

Manyan masu wannan ɓarna su ne hawan jini da ciwon suga. Sikila da cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta nau'in B su ma suna taɓa su. Akwai kuma gado. A 2010 masu bincike suka gano cewa wasu sauye-sauye a ƙwayar gado mai suna APOL1, waɗanda suka yawaita a Afirka ta Yamma, suna ba da kariya daga ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma suna raunana podosayit. Binciken da aka yi a Najeriya da Ghana, aka wallafa a 2024, ya tabbatar suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda a tsakaninmu.

Gado ba a hannunka yake ba, amma abin da kake haɗiya yana hannunka. Diclofenac da ibuprofen da piroxicam suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, musamman in ka wuni a gona cikin rana ba ka sha isasshen ruwa ba. Haɗa biyu ko uku a lokaci ɗaya ya fi muni, haka ma jiƙon da ba ka san abin da ke ciki ba. Ke kuma 'yar'uwa, man bilicin mai sinadarin makuri na iya yaga wannan rariyar.

Kumfa ta rana ɗaya ba abin tsoro ba ce. Amma in ta nace, ko kumburi ya biyo baya, je babban asibitin Kafanchan ko mafi kusa da kai, a gwada furotin a fitsarinka, a auna hawan jini da suga. Gwajin tsinke na mintuna kaɗan ne. Idan an gano da wuri, magunguna irin su lisinopril da losartan suna rage matsi a kan matatar, amma likita ne zai rubuta, kuma mai juna biyu ba ta shan su. Idan aka makara, sai wankin ƙoda, galibi sau uku a mako, wanda kuɗin cittar shekara ba zai riƙe ba.

Gobe da safe, kafin ka kora ruwa, dubi fitsarinka. Allah Ya ƙara mana lafiya.