Yadda aka tsara ƙasa tsakanin noma da kiwo

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowa ya san burtali. Amma ba kowa ya san dokokin da suka tsare shi ba. To, ga tarihinsu.

A 1961, gwamnatin Jori Hamani ta ja iyaka. Kudu ƙasar noma, arewa ƙasar kiwo. Sai aka yi fari a 1973, aka sake yi a 1984. Jama'a ta ƙaru. Gonaki suka ci daji, suka ci burtali. Dabbobi suka rasa hanya.

A watan Oktoba 1991, rikici ya ɓarke a Toda, cikin jahar Maraɗi. Mutane fiye da 100 suka rasu, yawancinsu mata da yara. A lokacin nan, wakilan jama'a suna Yamai wajen Taron Ƙasa, wanda ya sake tsarin mulki.

Gwamnatin riƙon ƙwarya da taron ya kafa ta fito da dokar karkara, ranar 2 ga Maris 1993. Dokar ta ce gonar gado tana da ƙarfi daidai da gona mai takarda. Ta kafa kwamitin filaye, wanda ake kira Kofo. A cikinsa akwai sarakuna, da ma'aikata, da wakilan manoma da na makiyaya. Su ke shata burtali, su ke rubuta gonaki.

A ƙarshen 2001, bayan komawa mulkin farar hula, aka yi dokar tsara ƙasa baki ɗaya. Nufinta, a raba hanyoyi, da rijiyoyi, da lakwal, da gidan likita bisa adalci, kada wata jaha ta wuce, wata ta tsaya.

Ranar 20 ga Mayu 2010, wata gwamnatin riƙon ƙwarya ta yi dokar kiwo. Ta ce tafiya da dabbobi haƙƙin makiyayi ne. Burtali da wurin kiwo na kowa ne, ba mai sayar da su.

Amma doka tana cikin takarda, burtali yana bakin gonarka. Kai manomi, kada ka noma shi. In ka sayi gona ko ka karɓi jingina, je wurin Kofo a rubuta. Kai makiyayi, jira ranar sakin gonaki. In an yi ɓarna, a kai magana gun sarki, kada a ɗauki sanda.

Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya.