Harajin Albashi Hawa Hawa Ne: Bayani Ga Malamai Da Akawuna

Dattawan Tsohon Birnin Gwari har yanzu suna tuna zamanin En'e, sa'ad da malamin haraji kan iso da littafin ƙidaya, dagaci ya tara masu unguwanni, a raba wa kowane baligi abin da zai biya, a kai Baitulmali. Wannan haraji da jangali Gwamna Balarabe Musa ya soke su a Jihar Kaduna cikin 1979. Amma harajin albashi yana nan, ana cire shi tun kuɗin ba su iso hannun mai su ba. Shi ya sa ma'aikata da yawa ba su san yadda a ke lissafta shi ba, har akwai mai tsoron ƙarin girma don kada haraji ya cinye ƙarin. To, rashin sani ya fi dare duhu.

Gwamnatin Tarayya ita ke yanka ƙa'ida, amma Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Kaduna ita ke karɓa daga mazaunan jihar. Sabuwar doka, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu cikin Yuni 2025, ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2026. Ta kasa abin da mutum ke samu a shekara hawa shida. Naira 800,000 na farko ba a karɓar kome a kansu. Naira 2,200,000 da ke biye, kashi 15 cikin ɗari. Sai miliyan 9 na gaba, kashi 18. Miliyan 13, kashi 21. Miliyan 25, kashi 23. Abin da ya haura miliyan 50 kuwa, kashi 25.

Kuskuren mutane shi ne suna ɗaukar Naira 800,000 ɗin nan kamar nisabin zakka, inda in dukiya ta kai, a kan fitar daga dukanta. Haraji ba haka ya ke ba. Kowane hawa da nasa kason, kuma abin da ya faɗa cikinsa kaɗai ya ke shafa.

Kafin a hau tsanin nan, sai an ware abin da doka ta yafe. Ƙarƙashin gyaran 2011 akwai rangwame na bai ɗaya ga kowa, watau Naira 200,000 ko kashi 1 na albashi, wanda ya fi yawa, a haɗa da kashi 20 na albashin. An soke wannan. A madadinsa an sa rangwamen haya: kashi 20 na kuɗin hayar shekara, kada ya wuce Naira 500,000. Kuɗin fansho kuwa har yanzu ana ware su.

Ga misali. A ce an turo wani malami Tsohon Birnin Gwari, albashinsa Naira 150,000 a wata, watau 1,800,000 a shekara. A ce fanshonsa 144,000 ne, yana kuwa biyan hayar 120,000, rangwamensa 24,000 ke nan. Saura 1,632,000. A fitar da 800,000 na hawan farko, saura 832,000. Kashi 15 nasu shi ne 124,800 a shekara, watau 10,400 kowane wata.

Sa'an nan a ce wani babban akawu, abin da a ke yi masa haraji a kai Naira miliyan 3 ne daidai, aka ƙara masa 100,000. Ya taka hawa na uku, gaskiya ne, amma ƙarin nan kaɗai za a cire wa kashi 18. Gwamnati ta ɗauki 18,000, shi ya tafi gida da 82,000. Ashe ba wanda ƙarin girma ke talautawa ta wannan hanya.

Abin lura a nan shi ne, rangwamen dā yana zuwa da kansa, na haya kuwa sai mutum ya bayyana abin da ya biya. Wanda ke zaune a gidan gado ba shi da rabo ciki. Saboda haka duk mai haya ya riƙa karɓar rasit daga mai gida, ya kai ofishin albashi, ya kuma duba takardar albashinsa kowane wata da alƙalami a hannu. Akawun da ya iya lissafin nan, lalle ya koya wa na kusa da shi.